Ɓerayensa Duk Maza Ne

A gidansu babu mai kiransa likita zalla. Yayarsa ce ta laƙaba masa Likitan Ɓeraye tun ranar da ya dawo da digirinsa na ƙarshe, ta miƙe masa ƙafa ta ce ya duba mata gwiwar nan da ta hana ta sakat, ya ce ai shi ba irin wannan likitan ba ne. Ta ce to wane iri ne. Ya gyara zama ya yi mata bayani tiryan-tiryan, ta saurara har ya kai aya, sannan ta janye ƙafarta ta ce, "Wato duk karatun nan da ka ƙarar da idonka a kansa, ɓera za ka riƙa yi wa allura." Sunan ya bi shi. Surukai suka ɗauka, maƙwabta suka ɗauka, har mai gadin wurin aikinsa da shi yake gaishe shi idan ya ga fuska a sake. Shi kuwa bai taɓa jin haushi ba, don ya san abin da ya kai shi wajen ɓerayen, Yaya ma ta sani.

Ciwon gado ne, ta wajen uwa. Kitse ne ke yi musu yawa a jini, irin wanda likitoci ke kira kolestarol, ba don sun fi kowa cin maiƙo ba, haka aka halicce su. Alamarsa ba ta ɓuya: wani ɗan tabo ruwan ɗorawa a fatar ido, da ƙulli a jijiyar dunduniya. Mahaifiyarsu siririyar mace ce, tana cikin shanya wanki ta dafe ƙirji ta zauna a ƙasa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Ba ta kai hamsin ba. Ƙanwarta ta bi ta bayan 'yan shekaru, kusan iri ɗaya. Yaya ta tsira, ba ta ɗauko ba. Shi ya ɗauko, amma ƙwayoyin da aka fara samu a zamaninsa suka riƙe shi. Yana ɗan sakandare aka ɗauke uwarsa daga gindin igiyar shanya, kuma tun daga ranar bai sake tunanin wata sana'a ba.

Abu ɗaya ya tsaya a kai duk rayuwarsa, kuma idan ka yi gangancin tambayarsa ana cin abinci, to naka sai ya huce. Cewa yake kitse shi kaɗai ba ya toshe jijiya. Kitsen kan shiga bangon jijiyar jini ya kwanta, sai jiki ya turo sojojinsa su cinye shi. Su ci, su ci, har cikinsu ya fashe su mutu a wurin, a turo wasu, su ma haka. Wurin ya kumbura ya yi tudu, hanya ta ƙuntace, wata rana tudun ya tsage, jini ya daskare a kai, shi ke nan an rufe wa zuciya ƙofa. Saboda haka rage kitse rabin aiki ne, in ji shi, sai an samo abin da zai ce wa sojojin nan su koma bariki. Wannan abin ya shiga nema tun gashinsa na baƙi.

Wanda ya koya masa aikin wani malami ne da kowa ke kira Tsoho tun kafin ya tsufa, mutum mai faɗa da tsabta, wanda zai iya korar ɗalibi kan almakashin da ba a goge ba. Ranar farko Tsoho ya saukar da shi ɗakin dabbobi a can ƙasan ginin, inda babu taga, sai ƙugin fanka da warin dusar katako da fitsari. Keji bisa keji har rufi, cike da ƙananan baƙaƙen ɓeraye waɗanda aka haifa da irin ciwon danginsa. Tsoho ya kamo ɗaya ta wutsiya, ya juya shi ya nuna masa yadda ake bambanta namiji da mace.

"Maza kawai muke ɗauka," in ji shi. "Mata na haihuwa ne. Jikinsu yau haka gobe haka, suna ɓata lissafi. Idan ka sa su a ciki sai ka ninka keji, ka ninka lokaci, kuma sakamakon ya fito a warwatse."

Bai tambayi komai ba. To me zai tambaya? Haka ake yi a ɗakin, haka ake yi a ɗakin da ke kusa, haka yake gani a duk takardun binciken da yake karantawa. Mutumin da uwarsa da innarsa ne ciwon ya kashe ya gyaɗa kai ya ce to, ya koyi ware mazan da hannu ɗaya ba tare da ya duba sau biyu ba, daga baya kuma ya koya wa nasa ɗaliban da kalmomin Tsoho ba ragi ba ƙari.

Aikin kansa na masu haƙuri ne. Za a yi watanni ana ɗura wa ɓerayen abinci mai maiƙo, rabi ana yi musu allurar abin da ake gwadawa, rabi ana barinsu haka. Idan lokaci ya yi sai a cire babbar jijiyar kowane, wadda ba ta fi zaren ɗinki kauri da yawa ba, a tsaga ta a tsaye a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a shimfiɗa a kan baƙin kaki a kafe da mitsi-mitsin allurai, a zuba rini. Duk inda kitse ya kwanta sai ya yi jawur. Jijiya mai lafiya kuwa fara take fitowa tas. A nan babu wanda ya kama ƙafarsa. Hannunsa ba ya rawa, yakan tsaga jijiya yana hira kamar mai ɓare gyaɗa. Amma fa shekara goma sha ya yi yana ganin ja. Ya gwada wannan, ja. Ya gwada wancan, ja, ko kuma ɓerayen su mutu da wani ciwon daban tun kafin a kai ga duba jijiyar.

Rayuwa kuma ba ta tsaya jiransa ba. Manyan cibiyoyi masu injuna suka riga shi buga wasu abubuwan da ya daɗe da hangowa, ko sunansa ba su sani ba balle su ambata. Yaron da ya koya wa riƙe ɓera ya zama shugaban sashen, yana ba shi izinin hutu. Shi dai yana nan a ƙaramin ofishinsa kusa da matakala, da kujera mai gutsurarren hannu da butar shayi da ta ga jiya ta ga yau. Matarsa ta kafa masa ƙusa a bayan ƙofar gida, ta ce rigar aiki a nan take tsayawa, ita ba ta auri keji ba. Idan Yaya ta zo ta tambayi ina aka kwana, ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai ta ƙarasa masa, "Sai dai a daɗe ba a je ba."

Ana nan, rannan sai ga fari. Wani ruwan magani da suka haɗa suka sake haɗawa har suka gaji, ya zuba rini a jijiyoyin waɗanda aka yi wa allurarsa, ya jira jan ya fito, jan ya ƙi fitowa sai ɗigo-ɗigo. Ya wanke ya sake zubawa. Ya kira abokiyar aikinsa ta leƙa madubin, ta ɗago ta dube shi, ta sake leƙawa. Suka maimaita gwajin, fari. Suka sake, fari. 'Yan ɗakin suka sa wa maganin suna Amarya, don kullum cewa ake ta kusa fitowa, kuma kullum akwai sauran kwalliya. Maganin ya sa ɓeraye gudawa, aka ce a yi haƙuri, amarya ba ta laifi. Aka gyara, aka rage, aka ƙara, shekaru suka ci gaba da tafiya, domin tsakanin farar jijiyar ɓera da hannun ɗan Adam akwai tafiya mai nisan gaske.

To amma kafin nan wani abu ya riga ya faru a gidansa. 'Yarsa guda ce, sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Tana budurwa, suna zaune ana karin safe, ta ɗago kai tana dariya hasken taga ya faɗa a fuskarta, ya ga tabon a fatar idonta na hagu. Ƙarami ne, ko uwarta ba ta lura ba. Ya ajiye kofinsa, shayin nan bai ƙara shiga bakinsa ba. Gwajin jini ya tabbatar da abin da ya riga ya sani, har ma ya fi. Aka ɗora ta a kan ƙwayoyin da suka riƙe shi, ita ba su riƙe ta ba sai sama-sama. Ranar da suka fito daga asibiti tana kuka a mota, ya riƙe hannunta ya ce, "Uwata, ki daina. Ai wannan ciwon shi nake yi wa tarko tun ba a haife ki ba. Ba zai yi miki abin da ya yi wa kakarki ba." Ta share hawaye ta yarda. Yarinyar ba ta taɓa jin ubanta ya faɗi abin da ba haka ba.

Ta girma ta zama malamar firamare, kowa na kiranta Malama, ta yi aure ta haifi 'yan mata biyu. Mace ce mai tsokana, ta ɗauko bakin Yaya. Idan ta kira shi a waya ba ta fara gaishe shi sai ta ce, "Baba, ya jikin amaryarmu? Ta gama shafa hoda?" Shi kuma ya ba ta labarin inda aka kai, dalla-dalla, kamar tana cikin masu binciken. Ta san sunan kowa a ɗakin. Ta san ranar da firiji ya lalace da ranar da aka gyara.

Ba ta daɗe da wuce talatin ba ta faɗi a matakalar makaranta da littattafan yara a hannu. Aka sa mata ɗan bututun waya a jijiyar zuciya ɗaya aka buɗe hanya, ta tashi ta koma aji. Da aka sake dubawa daga baya, likitan zuciya, wani dogon mutum mai magana a hankali, ya zaunar da su ita da mijinta da ubanta, ya juyo musu da hoton. Ya ce sauran jijiyoyin ma suna rufewa, kuma sun wuce na bututu. Shawararsa a buɗe ƙirji, a ɗauko jijiya daga ƙafarta a yi wa jinin hanyar kewaye. Aiki ne babba, akwai haɗari, ba zai ɓoye musu ba, amma yanzu ne lokacinsa, tun zuciyar na da ƙarfin ɗauka.

Malama ta bi su suka fito. A bakin ƙofar asibiti, mijin ya tafi ɗauko mota, ta juyo ta ce, "Baba, ni fa tsoro nake ji. Ƙaramar ko yaye ta ban gama ba. Idan na kwanta ban tashi ba fa?" Ya ce a'a, a daina kawo wannan. Ta ce, "Gaya mini gaskiya, maganinka ina ya kai?"

Ya gaya mata gaskiya. Ya ce sun miƙa neman izinin gwada shi a jikin mutane, kuma idan aka ba da izini, masu irin ciwonta za a fara da su. Ta ce zai kai yaushe? Ya ce idan Allah ya yarda ba zai wuce shekara ba. Ta ja dogon numfashi, fuskarta ta washe, ta ce, "To ni na jira na Baba."

Nan ne wurin da ke da ciwo a labarin nan, kuma babu amfanin a shafa masa mai. Bai ce mata kada ta yi tiyata ba, ko kusa. Amma bai ce ta yi ba. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta kwanta a teburin tiyata ko tana kuka, don duk duniya babu likitan da take ji kamarsa. Ya san hoton da aka nuna musu fiye da mijinta, ya san ma'anar kowane ƙunci a ciki. Sai dai shi ma tsoron wuƙar yake ji, kuma a ƙasan tsoron akwai wani abu mai daɗi da bai so ya kalla ba: 'yarsa ta zaɓi aikin hannunsa a kan na dogon likita. Ya ce mata, "Shawara taki ce, Uwata," ya buɗe mata ƙofar mota. Da Yaya ta ji, ta ɗauko mayafi ta zo har gida ta yi masa tatas, ta ce mai haƙuri yakan dafa dutse, gaskiya ne, amma ba a ce ya zaunar da 'yarsa da yunwa tana jiran romon ba. Ya ce ba ta gane ba ne. Ta ce eh, ita dama jahila ce.

Amsar masu ba da izini ta zo bayan watanni, kuma ba ƙi suka yi ba. Sun yaba da aikin. Tambaya ɗaya kawai suka yi: tunda rabin waɗanda za a ba maganin mata ne, ina sakamakon matan ɓeraye? Yanzu ƙa'ida ta canza, sai an nuna duka biyun. Ransa ya ɓaci, ya yini yana tsaki a ɗakin. Jijiya ai jijiya ce, in ji shi, kumburi kumburi ne, wannan neman ɓata lokaci ne na mutanen da ba su taɓa riƙe ɓera ba. Amma ya sauka ƙasa da kansa ya ware mata, abin da hannunsa bai saba ba, har sau biyu yana tsintar kansa yana mayar da su kejin haihuwa. A waya ya ce wa Malama ɗan cike gurbi ne ya rage. Ta ce, "Amaryar nan dai ta fiye yanga."

Aka ciyar da su, aka yi musu allura, aka jira. Ranar duba jijiyoyin ya zo da sassafe, ya jera faranti biyu, na waɗanda suka sha magani da na waɗanda ba su sha ba, ya zuba rini ya wanke. Ja da ja. Ya ɗauka an haɗa farantan ne, ya bi lambar kunnen kowane ɓera, babu kuskure. Ya ce to maganin ne ya lalace a firiji. Abokiyar aikinsa ba ta yi musu ba, ta ce a sake, amma a wannan karon a haɗa da maza a gefe, kwalba ɗaya, sirinji iri ɗaya, don a san inda matsalar take. Ya amince, ya roƙe ta kada maganar ta fita daga ɗakin. Wani zagayen watanni ke nan. A gida idan an tambaye shi sai ya ce ana nan ana fama, ya shige ɗaki. Matarsa ta lura ya daina ba da labarin aiki a kan abinci, ta ɗauka tsufa ne ya fara kama shi.

A cikin watannin nan ne babban ciwon zuciyar ya zo wa Malama. Tana tsefe wa babbar 'yarta kai, ta ce ta gaji, muƙamuƙinta na ciwo, bari ta ɗan kwanta. Sai da yarinyar ta kasa tashinta aka kira mijin. Ta rayu, amma ta fito daga wannan da numfashi guntu-guntu da ƙafafu a kumbure, daga gado zuwa banɗaki sai ta huta a hanya. Aji ya gagare ta. Asibiti ya zama gida na biyu, a sallame ta, a dawo da ita. Duk da haka idan ya shigo da jakarsa sai ta yi murmushi ta ce wa masu jinya, "Ga babana, shi ma likita ne, amma marasa lafiyarsa ba sa ƙorafi."

Sakamako na biyu ya fito tana kwance a can. Faranti huɗu a kan tebur. Mazan da suka sha magani, fari tas, kyakkyawa kamar ko yaushe. Matan da suka sha daga kwalba guda, ja daga sama har ƙasa, ba ka bambanta su da waɗanda ba a ba komai ba. Maganin lafiyarsa ƙalau. Yana aiki, ya daɗe yana aiki, ba dai a jikin mace ba. Ya zauna a kan doguwar kujera yana kallonsu, abokiyar aikinsa tana faɗin abin da ya kamata a faɗa, cewa wannan ma sani ne, cewa mai yiwuwa kumburin mata ta wata hanya yake bi, za a iya farowa daga tushe a gano. Ya san tsawon wannan tushen. Ya shiga shi da baƙin gashi, ga shi yanzu ana yi masa maganar ritaya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne sauƙin abin: matan suna nan a ƙasan ginin duk shekarun nan, keji ɗaya tsakaninsu da mazan, kullum sai ya wuce su.

Ya rasa inda zai kai zancen, sai ya tafi wajen Tsoho. Yanzu kam ya ci sunansa, yana zaune a kujera a barandar gidan ɗansa da bargo a gwiwa, tunani na zuwa yana tafiya. Ya gane shi, har ya tambaye shi ko ana goge almakashi. Likitan Ɓeraye ya durƙusa kusa da kunnensa ya faɗa masa komai, da faranti huɗun da 'yarsa. Tsoho ya saurara yana gyaɗa kai, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ai na gaya maka tun farko. Mata suna ɓata lissafi." Likitan Ɓeraye ya yi masa sallama ya fito, ya daɗe a tashar mota motoci na wucewa bai tsayar da ko ɗaya ba.

Washegari da safe ya nemi ganin dogon likita. Ya shiga da maganarsa a shirye: a yi tiyatar, shi zai shawo kanta, yau ma idan ana so. Likitan ya bar shi ya gama, sannan ya kunna hoton da aka ɗauka a makon. Bai buƙaci a yi masa bayani ba, amma mutumin ya yi, a hankali kamar yadda ya saba. Babban ɓangare na zuciyar ya riga ya mutu, ba ya motsi. Ƙarshen jijiyoyin da za a ɗinka sabuwar hanya a kansu sun ƙanƙance, babu wurin sa allura. Ya ce ya kai hoton wajen abokan aikinsa, kowa abu ɗaya ya ce: idan aka kwantar da ita ba za ta sauko daga teburin ba. "Lokacin da na faɗa muku, akwai hanya," in ji shi, ba da faɗa ba. "Yanzu abin da ya rage mu sauƙaƙa mata numfashi." Ya ce zai sanar da ita da mijinta da yamma. Likitan Ɓeraye ya roƙe shi ya bar masa, shi ne ubanta, daga bakinsa ya kamata ta ji. Likitan ya dube shi jim, ya ce to.

Ya same ta da rana an jingina ta da filo, robar iska a hancinta, Yaya na gefen gado tana ɓare wa yaran lemo. Yaya ta kalli fuskarsa sau ɗaya, ta tattara ɓawon, ta ce wa yaran su zo a je a ga kifayen da ke cikin gilashi a ƙasa. Ba ta tsokane shi ba, ta dai taɓa hannunsa da za ta wuce.

Ya ja kujera. Abu biyu ya zo da su, ya ga gara ya fara da nasa.

"Uwata, maganin nan ba zai yi ba."

"An hana izinin ne?"

"A'a. Ba ya aiki a jikin mata. Maza kawai yake yi wa."

Ta dube shi tana jan iska. "Tun yaushe ka sani?"

"Na fara gani watanni da suka wuce. Jiya na tabbatar."

"To da can ba ku gwada matan ba?"

"Ba mu gwada ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ya jira ta yi fushi. Wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta juya kai ta kalli taga, hawaye ya gangaro ya bi gefen robar, ta sa bayan hannu ta share. Da ta juyo, shi take tausayi, ya gani ƙarara a idonta, kuma wannan ne ya karya shi.

"Allah sarki Baba. Duk shekarun nan." Ta laluba ta kamo yatsunsa. "Kada ka sa wa ranka. Ka yi iya yinka, kowa ya shaida. Ni ce ma da taurin kai, Yaya ta yi gaskiya." Ta tsaya ta huta, ta ɗan yi dariya mai haɗe da tari. "Dama tsoro ne ya hana ni, na fake da kai. Yanzu kam na gaji da kwanciyar nan, tsoron ma ya fita. Ka je ka gaya wa likitan na yarda, a yi tiyatar."

Saura abu na biyu, wanda ya roƙi likita ya bar masa.

"Ko gobe idan suna da wuri," ta ce. "Ina so in warke kafin a koma makaranta, babbar za ta shiga sabon aji, ban saya mata ko takalmi ba. Tashi mana, Baba, kada ya fita zagaye ka rasa shi."

Ya tashi. Ta saki yatsunsa ta gyara kwanciya, ta lumshe ido kamar wadda aka sauke wa kaya. Ya kai bakin ƙofa ya riƙe mariƙin, ya ji muryarta a bayansa, ƙasa-ƙasa, cike da natsuwa.

"Idan ya sa ranar, ka dawo ka gaya mini. Ina nan ina jiranka."